Hannun damanka ne ke tsayawa

Ka tambaye ni kan kiɗan jita, "Maigida, in na zo sauya kod daga G zuwa C sai kiɗan ya yanke, ko yatsuna ne ba su da sauri?" Kod dai shi ne haɗin tsirkiyoyin da yatsun hagu ke dannawa tare, G da C kuwa sunayen biyu ne daga cikinsu. Jiya da kake gwaji a bakin shago ina kallonka. Yatsun hagunka lafiyarsu ƙalau. Hannun dama ne yake tsayawa jiransu, kamar mai daka ta ɗaga taɓarya ta tsaya hira.

Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya tal ce a kuntiginsa, amma ka taɓa jin kiɗansa ya yi tuntuɓe? Kai ga shida a jitarka.

To, ga aikinka na wannan mako. Ɗora tafin hagu a kan tsirkiyoyin ka kashe muryarsu, sai "cak, cak" kawai. Sa manhajar ƙirga bugu ta wayarka a kan 60 a minti, ka riƙa ƙirgawa da baki: 1 da 2 da 3 da 4 da. Kowace lamba hannu ya sauka, kowane "da" ya hau. In wannan ya zauna, sai ka fara tsallake: a 1 ka kaɗa ƙasa, ka hau a iska, a 2 ƙasa da sama, a 3 hannun ya sauka amma kada ya taɓa komai, sannan sama, a 4 ƙasa da sama. Wannan 3 ɗin da ba a jin ta, nan yawancin yara ke faɗuwa, don sun ɗauka inda babu sauti hannu hutawa yake.

Saki wuyan hannunka kamar mai yarfe ruwa bayan alwala. Da gwiwar hannu kake bugu, shi ya sa minti 10 kake gajiya. Kuma in za ka hau, tsirkiyoyi biyu ko uku sirara sun isa.

Batun sauya kod kuwa, a "da" na ƙarshe ɗaga yatsun hagu gaba ɗaya, tsirkiyoyin su yi ƙara a sake, ka sauka a C daidai kan 1. Ba mai lura, ni kaina haka nake yi har yau.

Na san ranka na kan salon Buzayen Agadas, mai ƙirgen shida da nauyi a 1 da 4. Za mu zo wurin, amma ba bana-bana ba, sai huɗun nan ta zauna. Ka yanke faratan hagunka kafin ka zo gobe.