Ruwan famfo ja, mai tallar na'ura a ƙofar gida: me ya kamata a saya?

Tun da damina ta kankama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili suka koma kan ruwan sha. Na zaɓo uku, na taƙaita su.

Tambaya daga wata uwargida a Kano:

"Assalamu alaikum Malam. Famfonmu sau biyu yake kawo ruwa a mako, galibi cikin dare. Na farkon ja ne kamar na kududdufi, sai can ya washe. Makon jiya wani mai tallar na'urar tace ruwa ya zo gidanmu, ya zuba ruwan famfon a kofin gilashi, ya tsoma wasu ƙarafa ya jona wuta. Kafin ka ce kwabo ruwan ya rine, wani baƙin datti ya taso sama. Da ya gwada da ruwan na'urarsa bai sauya ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Maigida ya ce a sayar da tunkiya a saya. Mu saya?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku bar tunkiyarku a turke tukuna. Dattin da kika gani ba daga ruwanki ya fito ba, daga jikin ƙarfen ne. Idan wuta ta ratsa ƙarfe a cikin ruwa, cinye shi take yi, tsatsarsa ta bazu a kofin. Ruwan famfo da na rijiya duk suna ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke ba wuta hanya, shi kuwa ruwan na'urarsa an cire masa wannan gishirin, don haka wutar ba ta samun wucewa. In ya dawo, ki ce ya barbaɗa ɗan gishirin miya a ruwansa ya sake gwadawa a gabanki, za ki ga ya rine kamar naki. Haka nan ƙaramin abin nan mai kama da biro da suke tsomawa ya nuna lamba, yawan gishirin da ya narke kawai yake aunawa. Ƙwayar kwalara ko ta taifod ba ta motsa lambarsa ko kaɗan.

Amma damuwarki tana kan hanya, ruwa ba ya tsami banza. Jan ruwan nan na farko shi ne abin dubawa. Yawancin ruwan famfon birnin Kano daga matatun Challawa da Tamburawa yake fitowa, kuma aikin matata sananne ne: a zuba alif laka ta kwanta, a tace ta cikin yashi, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so shi ne ragowar kulorin ɗin, daga miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, ta raka ruwan har bakin famfo. Matsalar tana kan hanya, tsakanin matata da randarki. Bututun da ke cike da ruwa ko ya tsage, waje yake feso ruwan. Idan aka ɗauke ruwa ya zama fanko, sai abin ya juya, ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar.

Na taɓa tsugunawa a bakin lungunmu na ƙirga ƙananan bututun roba bakwai kwance cikin kwata, kowanne ya nufi gidansa. Biyu an ɗaure su da tsohuwar robar tayar keke inda suka fashe, baƙin ruwan kwatar yana bi ta kansu. Ɗaya daga ciki nawa ne. Washegari na kira mai gyaran famfo ya ɗaga shi sama, ya sauya wurin da ya fashe, kuma kuɗin bai kai na buhun siminti ba. Wannan ne aikin da zan so maigida ya fara yi: ya bi bututunku daga inda aka jona shi har cikin gida. In kuna da injin jan ruwa da aka haɗa kai tsaye da babban layi, ku sani yana ƙara ƙarfin zuƙon nan, ga ku da maƙwabta baki ɗaya.

Idan ruwa ya zo, na farkon ya tafi ban ɗaki ko wankin tsakar gida har sai ya washe. Wanda za a sha, in da sauran gurɓata, a bar shi ya kwanta, ko a kaɗa masa ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale, a tsiyaye na saman. Kada a tsaya nan, domin alif gyara wa ido ruwa yake yi, ba ya kashe cuta. Sai a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1, ko a sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, a rufe a jira minti 30. Sannan a kula da moda. Gidaje da yawa sun tafasa ruwa sun juye a randa, yaro ya dawo daga wasa ya tsoma hannu har wuyansa, aikin ya tashi a banza. Bokiti mai murfi da ɗan famfo a ƙasa, ko jarka mai tsukakken baki, ya fi miki amfani nesa ba kusa ba. Tankin sama kuma ki tambayi kanki yaushe rabon da wani ya leƙa cikinsa. Ni shawarata a wanke shi duk wata shida, murfinsa ya zauna daram.

In dai sai an sayi matata, ku nemi irin mai hawa biyu da farin dutse a ciki, wadda ba ta buƙatar wuta. Tana tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta, in aka haɗa ta da kulorin an gama. Tsadaddar na'urar nan da mai tallan ya kawo miki tana da aikinta, wato cire sinadarai da gishirin da ya yi yawa, amma tana son wuta da ruwa mai ƙarfi, ƙananan na gida sukan zubar da ruwa fiye da wanda suke bayarwa, kuma kayan cikinta sai an riƙa sauyawa. A gidan da famfo ke zuwa sau biyu a mako, ban ga dacewarta ba sai in gwaji ya nuna akwai abin da za ta cire.

Tambaya daga wani magidanci a Zariya:

"Malam, na gaji da jiran famfo. Kullum ina sayen kura guda wajen 'yan garuwa, ga buhun fiya wata na sha. Na tara 'yan kuɗi, ina tunanin in haƙa burtsatse in huta. Ruwan burtsatse ai daga ƙarƙashin ƙasa yake, ba ya buƙatar komai, ko?"

Ɗan'uwa, a nan ne nake so ka yi hattara. Zurfin rijiya yana rage haɗarin ƙwayoyin cuta, amma ƙasa ma tana da abin da take zuba wa ruwa. Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun ga wannan da idonsu: ruwan da aka jawo musu daga ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1980 yana da sinadarin fulorayid fiye da kima, yara da dama suka taso da ɓatattun haƙora da lanƙwasassun ƙafafu, alhali ruwan garau yake, ba wari ba launi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa wannan sinadari ita ce miligiram 1.5 a lita. A cikin gari kuma, inda kowane gida da masai ko shaddarsa, abin tsoron shi ne kashi da fitsari su tsiyaya su riski ruwan, su kawo ƙwayoyin cuta da naitiret, wanda ya fi yi wa jarirai illa idan ya wuce miligiram 50 a lita. Tafasawa ba ta cire fulorayid, ba ta cire naitiret, ba ta cire dalma. Ruwan ne ke ƙonewa, su suna nan.

Saboda haka in za ka haƙa, ka nisanta ramin da shadda, taka da ta maƙwabta, mita 30 in fili ya ba ka dama. Ka tsaya a kai a zuba siminti a wuyan rijiyar yadda ruwan sama ba zai gangara ta gefen bututu ba, domin nan ne masu aiki kan yi ha'inci. Kafin kowa ya sha, ka kai ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na gwamnati, kai da kake Zariya ma ga Jami'ar Ahmadu Bello a kusa. Ka ce a duba maka ƙwayar E. coli, mai nuna cewa kashi ya shiga ruwa, wadda bai kamata a samu ko ɗaya ba a mililita 100, da waɗancan sinadaran uku, wato fulorayid, naitiret da dalma. Kuɗin gwajin ka lissafa shi cikin kuɗin haƙa tun farko.

Kafin lokacin, ka san inda ɗan garuwarka yake ɗebo ruwa, ka leƙa cikin jarkokinsa ka ga ko gansakuka ta yi kore. Fiya wata kuwa, lambar NAFDAC a jikin leda alama ce mai kyau, amma ana buga ta jabu, don haka ka tsaya kan kamfanin da ka san inda yake, ka guji wanda ya daɗe jibge a rana. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Shi ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan, musamman da damina.

Tambaya daga wata kaka a Kaduna:

"Ruwanmu wani lokaci yana warin maganin wanki. Surukata ta ce guba ce, ta hana a haɗa wa jinjiri madara da shi. Gaskiya ne?"

Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Ɗan warin nan na kulorin ne, kuma ni in na ji shi a famfo daɗi nake ji, don alama ce maganin ya iso gidan da ransa. In ya dame ku, a zuba a mazubi mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta na 'yan awoyi, warin zai ragu. Warin da za a gudu shi ne na kwata, na fetur ko na ruɓaɓɓen ƙwai. Amma surukarki tana da gaskiya ta wani ɓangaren: ruwan jinjiri, ko daga famfo ko daga leda ko roba, sai an tafasa shi. A haɗa madarar tun ruwan yana da zafi sosai, kada ya wuce minti 30 da saukewa, sannan a huce ta kafin a ba shi. In kuwa nono yana isarsa, har ya cika wata 6 ba ya buƙatar ruwa ko kaɗan, ko da ana tsananin zafin bazara.