Hali zanen dutse: amsoshin tambayoyin masu karatu kan hali, kirki, mutunci, kunya da asali

Tambayar farko ta fito ne daga wata malamar makarantar firamare a Katsina. Ta ce tana koya wa ɗalibanta karin magana, sai wani yaro ya tsayar da ita da cewa idan har hali zanen dutse ne, wanda ba mai iya kankare shi, to don me ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma don me ake wahalar da yara da horo? Ta ce ta ba shi amsar da ta samu a lokacin, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, don haka take son jin wanne ne daidai cikin maganganun biyu.

Malama, Allah ya yi wa wannan yaro albarka, domin ya taɓo wurin da manya da yawa suke tsallakewa. Kafin mu je ga karin maganar, sai mu fara da kalmar kanta. Hali aro ne daga Larabci, kuma a can ma'anarsa ita ce yanayin da abu yake ciki a wani lokaci, wato abin da kan sauya. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta a bakinmu, domin muna cewa halin da ake ciki, muna cewa ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, muna cewa in da hali zan zo, kuma muna kiran mawadaci mai hali. Amma Bahaushe ya ɗora wa kalmar wani nauyi na biyu, ya mai da ita sunan abin da mutum ya saba yi har aka san shi da shi. Saboda haka ne jimlar nan ta mai hali ba ya fasa halinsa take iya ruɗa baƙon harshe, domin mai halin da ake nufi a nan shi ne wanda wata ɗabi'a ta kama, ko da kuwa ba shi da ko sisi.

Idan aka riƙe wannan, za a ga cewa maganganun biyu suna magana ne a kan lokuta biyu na rayuwar mutum, kuma mutanen da ake faɗa wa su daban ne. Wanda ake faɗa wa batun ɗanyen icce shi ne uba ko uwa ko malami, wato wanda yaro yake hannunsa, ana tunatar da shi cewa lokacin gyara gajere ne. Wanda ake faɗa wa batun zanen dutse kuwa shi ne mai shirin ba da 'yarsa aure, ko mai shirin damƙa dukiyarsa ga abokin ciniki, ko matar da take cewa in na shiga gidansa zan gyara shi. Ana ja masa kunne ne kada ya gina rayuwarsa a kan fatan cewa babban mutum zai sauya saboda shi. Zane a kan dutse ma ai wani ne ya yi shi, kuma ba a rana ɗaya ya yi zurfi ba. Abin da gida da unguwa da abokai suka daɗe suna maimaitawa a kan yaro shi ne yake zama zanen, shi ya sa aka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da yake damuna shi ne yadda wasu suka juya wannan karin magana ta zama mafaka. Za ka ji mutum ya zagi matarsa a gaban 'ya'yanta, in an yi masa magana ya ce haka halina yake, hali zanen dutse. Wannan cin amanar karin maganar ne. Magabata sun yi ta ne don mutum ya yi hattara da halin wani, kuma ban taɓa jin dattijon kirki ya faɗe ta a kan kansa don ya wanke laifinsa ba. Malaman addini ma sun daɗe da warware wannan batu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da cewa da a ce ɗabi'a ba ta karɓar sauyi, da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza. A ƙasar Hausa kuwa, da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yarda cewa babba ba ya gyaruwa, da ba ta tsara waƙoƙin wa'azi ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata, har da waɗanda suka manyanta, ba. Ki gaya wa ɗalibin naki cewa gyaran babba yana yiwuwa, sai dai yana da wuya, kuma sai shi da kansa ya so, yaro kuwa wani ne yake gyara shi.

Wani ɗalibin jami'a daga Zariya ya tambayi ma'anar kirki, ya kuma ce ya ji ana cewa wani Bature ya ƙirga siffofin mutumin kirki.

Gaskiya ne, ɗan'uwa. Anthony Kirk-Greene, ɗan Ingila da ya yi aikin mulki a lardin Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka, aka buga ta a 1974, inda ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Aiki ne mai amfani, kuma mai nazarin harshe zai lura cewa aƙalla rabin waɗannan kalmomi daga Larabci suka shigo. Ladabi, alal misali, ya haɗiye harafin nan na farkon suna a Larabci, wato al-, kamar yadda lafiya da labari da laifi da lokaci suka yi. Sai dai ni a ganina jerin ya bar abubuwa biyu da Bahaushe ba ya yabon mutum ba tare da su ba, wato zumunci da tsoron Allah. Game da kalmar kirki kuwa, ka lura cewa ba mutum kaɗai ake siffantawa da ita ba. Manomi yana cewa bana ba a yi ruwan kirki ba, majinyaci yana cewa bai yi barcin kirki ba, mai saye yana cewa babu kayan kirki a kasuwa. A duk waɗannan, abin kirki shi ne wanda ya biya buƙatar da ake nema a wurinsa. Mutumin kirki ke nan shi ne wanda jama'a suka nemi abin da ake nema a wurin mutum suka samu.

Tambaya ta uku daga Damagaram ta zo, kuma gajeriya ce: mene ne bambancin mutunci da girma?

Mutunci kalma ce ta gida, an gina ta daga mutum aka ƙara mata ɗafin da yake cikin zumunci da shugabanci da jahilci, sai harafin ƙarshe na mutum ya koma n saboda sautin da ya biyo shi. Asalin ma'anarsa ke nan zama mutum a idon mutane. Girma yana zuwa da shekaru ko sarauta ko ilimi ko dukiya, kuma wani ya fi wani. Mutunci kuwa almajiri yana da nasa, ɗan dako yana da nasa, shi ya sa attajiri yake iya cin mutuncin yaron shagonsa a ce attajirin ne ya yi abin kunya. Dubi aikatau ɗin da suke rakiyar kalmar: ana tsare shi, ana cin sa, ana zubar da shi, kuma an ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Akwai kuma wata ma'ana da nake ƙauna ƙwarai, inda mutum zai ce muna mutunci da wane, yana nufin suna ganin darajar juna har abin ya zama abota.

Wata matashiya daga Kano ta rubuto da ɗan zafi. Ta ce an cika yi wa mata wa'azin kunya, alhali kunyar ce take hana yarinya faɗin abin da yake cutar da ita, ta kuma tambaya ko kunya ba tsoro ba ce da aka sa wa suna mai daɗi.

'Yar'uwa, ƙorafinki yana da tushe, kuma ba zan share shi ba. Matsalar ita ce kalma ɗaya tana ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai kunyar da take nufin nauyin wani a zuciya, irin wadda take sa uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, mace ta kira mijinta maigida ko Malam, a kira yaron da aka sa wa sunan kakansa Abba, yarinyar da ta ci sunan kakarta kuma Ummi. Wannan tana da 'yan'uwa a harshen, wato kara da kawaici da alkunya da fulako, kuma ta ƙarshen tana nuna cewa mun ga wannan ɗabi'a da ƙarfi a wurin Fulani har muka sa mata sunansu. Akwai kunyar da take nufin birki, wadda take hana mutum aikata abin da ba zai so a ji ba, kuma ita ce hadisi ya ce tana cikin imani. Wannan ba ta mata kaɗai ba ce, domin idan aka ce wane mara kunya ne, zagin yana kan namiji kamar yadda yake kan mace. Sannan akwai kunyar da take zuwa bayan an aikata abin, wadda muke cewa ya sha kunya ko ya ba mu kunya.

Abin da kike kuka da shi kuwa, wato yarinya ta yi shiru ana cutar da ita, ko mace ta ɓoye ciwo ga likita har ya ci ƙarfinta, Bahaushe bai yabe shi ba. Shi ne ya ce kunyar mara kunya asara ce, wato wanda bai ji nauyinki ba bai cancanci ki rufa masa asiri da shirunki ba. Laifin da nake gani a gidajenmu shi ne an koya wa 'ya'ya mata kunya ta farko da ƙarfi, an bar 'ya'ya maza ba a koya musu ta biyu ba, sai nauyin duka ya faɗa a kan ɓangare ɗaya.

Wani ɗan kasuwa da aka haifa a zangon Kumasi ya yi tambayar da ta taɓa ni. Ya ce kakansa daga Arewa ya zo fataucin goro ya zauna, shi kuma Hausa ce harshensa na farko, amma in ya zo Kano wasu sukan ce masa ba ɗan asali ba ne. Yana son sanin me ake nufi da asali, kuma wane ne Bahaushe.

Alhaji, asali ma aro ne daga Larabci, ma'anarsa tushe ko saiwa. A bakin Bahaushe kuwa ya rabu biyu. Akwai asalin da yake nufin garin da aka fito da zuriyar da aka fito, akwai kuma wanda yake nufin tarbiyyar gida, kuma idan dattijuwa ta ga yaro ya durƙusa ya gaishe ta ta ce wannan ɗan asali ne, ba ta tambayi garin kakansa ba. Karin maganarmu ta san gado, shi ya sa ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta kuma ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma ita ce kuma ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin an sha ganin ɗan malami ya lalace, an ga ɗan wanda ba a san shi ba ya zama abin koyi. Tarihin Kano kansa ya isa amsa ga masu faɗa maka wannan magana. Wangarawa sun zo daga Mali da addini da fatauci, Agalawa da Tokarawa sun zo daga arewa suka zama manyan fataken goro, akwai unguwanni a cikin birni da sunayensu suke nuna Nufawa da Yarbawa da Larabawa, kuma jikokin waɗannan duka yau Kanawa ne da ba mai musu. Hanyar Gwanja da ta kai kakanka ƙasar Asante ita ce ta azurta gidaje da yawa a Kano. Wanda ya tashi da harshen, ya san gaisuwa, ya san nauyin maƙwabci da haƙƙin baƙo, ban ga dalilin da zai sa wani ya tsaya a ƙofa ya ce masa ba ya ciki ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani uba ce, wanda ya ce yana jin nauyin ba 'ya'yansa tatsuniyar Gizo, domin Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amana, kuma sau da yawa yakan tsira.

Malam, ka ci gaba da ba su. Yaro ba ya fita daga tatsuniya yana son zama Gizo, yana fita ne ya san kamannin mayaudari tun kafin ya haɗu da shi a kasuwa. Ka lura kuma da waɗanda Gizo yake cuta: yawanci masu ƙarfi ne da kwaɗayi ko girman kai ya rufe wa ido, irin su kura da zaki da giwa, kuma ta wannan ƙofar yake shigar musu. Sau da yawa kuma haɗamarsa ce take kayar da shi, ya ƙare da gudu ya maƙale a bango, Ƙoƙi tana kallonsa. Idan ka gama ka ce ƙurunƙus, ka tambayi yaran me ya sa kura ta yarda da shi, ka bar su su yi gardama a tsakaninsu kafin barci ya ɗauke su.