Ginin furannin Hajiya: ka karɓi aikin, amma ka bar wa birkila cokalinsa

Wani matashi daga unguwar Nima a Accra, mai sayar da tsirrai da baƙar ƙasa a bakin titi, ya aiko min da tambaya. Wata Hajiya da ta saba saye a wajensa tana so a yi mata ɗan gini a tsakar gidanta a unguwar East Legon: tsawon mita 12, tashinsa iya gwiwa, a manna masa duwatsu a fuska, a cika bayansa da ƙasa a dasa furanni. Shi kuwa bai taɓa gini ba, sai kallo a waya. Ya ce, "Malam, in karɓa? Nawa zan ce mata? Ina tsoron in ce ban iya ba ta kai wa wani."

Ƙanena, ka karɓa. Amma a wannan karon kai ɗan kwangila ne, ba magini ba. Ka nemi birkilan da ya taɓa manna dutse, ka je ka ga aikinsa da idonka, wanda damina ta riga ta daka ba wanda aka gama jiya ba. Ku yi jinga, kai kuma ka zama leburansa. Abin da za ka koya kana kwaɓa masa siminti na kwana huɗu, waya ba za ta koya maka a shekara ba. Hajiya ma ka faɗa mata gaskiya cewa da magini za ka zo. Ba hannunka take saye ba, amanarka take saye.

Kada ka furta farashi kana tsaye a gidanta. Ka ɗauki awo ka koma gida da biro. Mita 12 a tashin rabin mita, fuskar ginin murabba'in mita 6 ke nan. Bulo goma ne kusan ke rufe murabba'i ɗaya, to bulo 60, ka ƙara biyar don fashewa a hanya. Dutsen kuwa ba fuska kaɗai zai rufe ba, akwai saman ginin da gefuna biyu, sun kai ka wajen murabba'i 9. A nan sabon shiga ke faɗuwa: dutse ba tayil ba ne, sai an sassaƙe shi, wani ya tsage, wani ya ƙi zama da ɗan'uwansa. Ka sayi na murabba'i 10 ko fiye, kuma tashi ɗaya, wajen mutum ɗaya. In ya yanke maka ka koma ciko, da wuya launin ya zo daidai, kuma idon Hajiya a kan wannan wurin zai fara sauka.

Sai abin da ba a gani, wanda shi ne ke cin riba. Ginin furanni kullum jiƙa shi ake yi, ga ruwan watan Yuni na Accra da ka sani. Ƙasa in ta sha ruwa nauyi take yi, ta dinga tura gini daga baya. Na taɓa ganin wani gini a unguwar Madina bayan damina ɗaya, duwatsun sun zubo sun jeru a ƙasa, wanda ya rage a jiki ya yi farin gishiri kamar an watsa masa toka, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Mai aikin bai bar wa ruwa hanya ba. Ya dawo ya gyara da kuɗin aljihunsa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka tun a lissafi ka sa kankaren tushe, ka sa guntayen bututun roba a gindin ginin, ɗaya a kowace mita, ka sa tsakuwa a bayansu kada ƙasa ta toshe su, ka yi wa cikin ginin filasta ka shafe shi da kwalta. Kwaɓin manna dutse kuma ba na ajiye bulo ba ne, ana yin sa da ƙarfi, kwanon siminti ɗaya yashi uku. In ka ga birkila yana miƙa shi da yashi don buhu ya kai, tsayar da shi. Bayan an gama a yi mako guda ana yayyafa ruwa kafin a zuba ƙasa. Wannan makon ma kuɗin trotro ne, wato motar haya, ka rubuta shi.

Takardar da za ka kai mata ka raba ta biyu, kaya daban, ladan aiki daban. Kayan ita za ta biya gaba ɗaya kafin a sauke bulo ɗaya, har kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kada ka taɓa jarin tsirranka, kada ka ɗauki adashinka ka sayi wa mai gida a East Legon siminti. Ka rubuta a ƙasan takardar cewa farashin na mako biyu ne. Wanda ya yi kasuwa a nan Ghana a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san buhun Ghacem ko na Dangote ba ya jiran kowa ya gama shawara. Ladan aikin, rabi kafin alƙalami, sauran ranar da aka gama. Ta turo kuɗin ta waya, ta MoMo, saƙon ya zame muku shaida.

Ribarka a kan ginin kansa ba za ta yi yawa ba, kuma ban damu ba. Mita 12 na ramin furanni ƙasa yake ci, taki yake ci, tsirrai yake ci, duk kuwa hajarka ce da ka san farashinta kana barci. Ka sa su a layi na uku a takardar, ka kuma yi mata tayin zuwa sau biyu a wata kana gyara da aski a kan kuɗin wata. Ranar da aka dasa furen ƙarshe, ka nemi izininta ka ɗauki hoto. Ka sake ɗauka a watan Agusta, bayan ruwa ya gwada shi.