Idan 'yan kutse suka kulle kwamfutocin asibiti

Ɗan'uwa, ka tambaya ko asibiti zai iya ci gaba da duba marasa lafiya idan aka kulle masa kwamfutoci na makonni. Zai iya, amma da jan ƙafa, kuma sai wanda ya yi tanadi tun da wuri.

A Mayun 2017 harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle kwamfutoci, ya shafi asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. A Mayun 2021 hukumar lafiya ta ƙasar Ireland da kanta ta kashe na'urorinta bayan an yi mata kutse, aka kwashe watanni kafin komai ya daidaita.

A irin wannan ranar, takarda da biro ne gatan majinyaci. Kowane ɗaki ya tanadi fom, da bugaggen jerin magungunan da kowa ke sha da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Masinja ya riƙa kai sakamako da ƙafa. Matasan likitoci da suka saba da allon kwamfuta kuwa sai an yi musu atisaye (rubutun hannunsu ma wani aiki ne).

Ɗakin gwaji ya fi ba ni tsoro. A Yunin 2024 kutsen da aka yi wa Synnovis, kamfanin da ke yi wa asibitoci gwaje-gwaje a Landan, ya hana tantance rukunin jini da sauri, har aka shiga roƙon masu jinin O su zo su bayar.

Kwafin bayanai kuma a ajiye shi inda intanet ba ta kaiwa, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci.