Ku Tambaya Mu Amsa: Kuɗin NELFUND, Kyauta Ne Ko Bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne ina sai da hatsi, yarana biyu suna jami'a ga ta ukun ta samu gurbi bana, wallahi tunda aka yi ƙarin kuɗin rajistar nan abin ya fi ƙarfina. Babban ya ce in bar shi ya cike wani abu wai NELFUND, ni kuma na hana saboda ba na son abin da ya shafi kuɗin ruwa, kuma na ji an ce sai babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka. Don Allah a warware min. Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana su. NELFUND dai asusun gwamnatin tarayya ne da ke ba ɗaliban manyan makarantu rance. Maganar mai tsaya maka ɗin nan ba ƙarya aka gaya maka ba, labarin ne dai ya kwana biyu. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ita ce ta ce sai an kawo mutum biyu sun tsaya, irin su ma'aikaci mai matakin albashi na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, kuma sai in abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. To fisabilillahi ɗan talakan da ke ƙauye a ina zai samo lauya mai shekara goma? Da surutu ya yi yawa sai aka soke ta aka yi sabuwa a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗan duka, aka buɗe shafin neman a ƙarshen watan Mayun 2024 ɗin.

Batun ruwa kuma, babu shi. Abin da yaro ya ci shi zai biya, ko kwabo ba a ɗorawa. Ni ba mai fatawa ba ne, amma rance marar ruwa ai kai ma ka san matsayinsa, in kana so zuciyarka ta ƙara natsuwa kai wa malamin unguwarku maganar kamar yadda na faɗa maka ita.

Inda nake so ka tsaya da yaran shi ne su san cewa bashi ne. Na sha jin samari a majalisa suna cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya, wannan tunanin ne ya kashe hukumar ba ɗalibai rance da aka kafa a 1972 zamanin Gowon, mutane suka karɓa suka yi gum har abin ya durƙushe. Yanzu kuwa da NIN da BVN ɗinka ake ba ka, ina za ka ɓuya? Tsarin shi ne sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa za a fara biya, mai albashi a riƙa cire kashi 10 cikin 100 tun daga wurin aiki, mai sana'ar kansa ya riƙa ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aikin ba zai iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, wanda kuma ya yi ƙarya a ciki doka ta tanadi ɗauri har na shekara uku. In mutum ya rasu ana yafewa.

Kuma abu biyu ne a ciki. Akwai kuɗin makaranta, wannan kai tsaye asusun makarantar ake tura shi, yaro ba ya ganinsa da ido, sai kuma na kashewa naira 20,000 a wata da ke shiga akawun ɗinsa, shi ma bashi ne kuma ba dole ba ne a nema. Yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa, in ya karɓa wata goma ya ci 200,000, shekara huɗu a haka 800,000 ke nan ban da na rajista. Ni shawarata tunda hatsi kake sayarwa kuma za ka iya yi musu awo, su karɓi na makarantar su bar na kashewar sai in ta kama dole. Amma yaro ya zauna a gida saboda kuɗin rajista alhali ga wannan, a'a Alhaji, ban goyi baya ba.

Tambaya: Malam ni ɗaliba ce a aji biyu, na cike tun tuni ba a turo ba har za a rufe rajista sai mamata ta sai da tunkiyarta na biya, yanzu kuma na ga an rubuta an biya makaranta. To ina kuɗin suke? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Ƙanwata kuɗin suna hannun makarantarku kuma haƙƙinki ne su dawo miki da su, don an biya su sau biyu a kan mutum ɗaya, ke kuma an riga an rubuta miki bashi. Ba ke kaɗai ba ce, koke-koke irin wannan sun yi yawa a 2025 har hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta shiga maganar. Ki buga shafin da ya nuna an biya, ki haɗa da rasit ɗin rajistarki, ki rubuta takarda zuwa ofishin kuɗi na makaranta ta hannun sashen harkokin ɗalibai, ki tabbata an buga miki hatimi a kwafin da za ki riƙe, kar ki yarda da "je ki dawo" na baka. In shiru ya yi yawa ki kai ƙorafi NELFUND ɗin, in kun haɗu ku da yawa ta ƙungiyar ɗalibai ya fi saurin motsa su. In sun dawo kuma a mayar wa Mama tunkiyarta, kar a sayi waya.

Tambaya: Ni jami'ar kuɗi nake, zan iya samu? Kuma babu wanda yake kyauta ne gaba ɗaya? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ƙanena a wannan ba ka ciki, na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi. Na kyautar kuwa akwai, sukolashif ke nan, amma da gasa. Akwai hukumar sukolashif ta tarayya a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, akwai PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, ga masu karatun da ya shafi man fetur da injiniyanci musamman digiri na biyu da na uku, sannan jiharku tana da tata hukumar, a nan za ka fara leƙawa da takardar shaidar ƙaramar hukumarka da sakamakonka. Duk wanda ya ce ka turo masa wani abu zai sa sunanka a lis, ɗan damfara ne, toshe lambarsa.