Sarki ya hana binne gawa, ta je ta binne: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a kwas ɗin adabi aka ba mu wasan kwaikwayon Antigone na Sofokilis, lakcara ya ce mu rubuta wa ke da gaskiya, ita ko sarki. Ni dai zuciyata na wajenta amma ina tsoron goyon bayan bijire wa shugaba, ga shi kuma mutanen mushirikai ne. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Karanta shi don nazari ba laifi, ai ba allolinsu aka ce ki gaskata ba.

A birnin Tibis na tsohuwar Girka 'yan'uwan Antigone maza biyu suka kashe juna kan sarauta, kawunsu Kiriyon ya hau gado ya sa aka binne ɗaya da girmamawa, ɗayan kuma da ya kawo wa garin yaƙi ya ce a bar wa karnuka da tsuntsaye, duk wanda ya binne shi kisa. Ita kuwa ta je ta watsa wa gawar ƙasa ta ce akwai dokar da ba a rubuce take ba wadda ta girmi ta sarki.

Toh a wannan gaɓar sarki ne ya kauce. Tun kan ɗan Adam na farko da aka kashe Allah ya aiko hankaka ya koyar da binnewa, duba Ma'ida aya ta 31. Abu Ɗalib bai musulunta ba amma Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Ali ya je ya binne shi, kai ko Ƙuraishawan da suka faɗi a Badar ba a bar su a sarari ba, a rijiya aka zuba su. Kuma lokacin da wani kwamanda ya hura wuta ya ce sahabbai su shiga suka ƙi, Annabi cewa ya yi biyayya a cikin abin kirki take, Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Sai dai wannan "zuciyata" da kika ce, a yi hattara. Zuciya ba hujja ba ce, mai ƙin biyan bashi ma zai ce tasa ta natsu. Abin da ke ɗauke biyayya shi ne a umarce ki da saɓo bayyananne, kuma ko a nan ƙin aikatawa ne kawai ba tada fitina ba, ita ma ai ba ta tara runduna ba.

Rataye kanta da ta yi bayan an kulle ta a kogo kuwa haramun ne, Nisa'i aya ta 29, kar ki rubuta shi a matsayin jarumta. Wallahu a'alam.