Ko Makaho Ya Shafa Ya Ji? Amsa ga Mai Gyaran Fotokwafi

Wani mai gyaran injin fotokwafi daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ji cewa a Amurka akan hana kamfani takardar mallakar ƙirƙira a kan rolar inji da aka yi wa shafi, a ce masa dabarar “a bayyane take”. Yana son sani: wannan shi ne abin da muke nufi da “ko makaho ya shafa ya ji”?

Malam, ka yi kusa, amma ba ka kai ba.

Mu fara da shafi. Hausa ta rarrabe: bango ana yi masa yaɓe, tukunyar tagulla a dalaye ta da dalma, mai kuma a shafa shi. Rolar nan mai zafi da ke manna garin tawada a jikin takarda, wadda ka fi ni saninta, shafi ake yi mata na roba ko na Teflon don kada garin ya liƙe mata. Shi Teflon ɗin wani sinadari ne mai santsi da ba ya barin abu ya manne masa.

To, idan muka ce ko makaho ya shafa ya ji, muna nufin kowa da kowa ya gane. Amma dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ta 1952 ba da kowa take awo ba. Da ɗan sana'a take yi, mai matsakaicin sani irin naka, kuma tana duba abin da aka sani kafin dabarar ta fito. Idan ka san Teflon ba ya barin abu ya manne, kuma kullum kana fama da rola mai kama tawada, haɗa su biyun zai faɗo maka a rai ba tare da wahala ba? In eh, babu takarda. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ƙarfafa wannan a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex a 2007: haɗa sanannun abubuwa su ba da sakamakon da dama ake tsammani, galibi bai kai ƙirƙira ba.

Karin maganar da ta fi burge ni a nan tana wajen mai neman takardar: “Hangen Dala ba shiga birni ba ne.” Zai ce kowa ya hango, amma wa ya samo kaurin shafin da zai jure zafi, bai ɓare ba bayan dubban takardu? Ni ina ganin hujja ce mai nauyi, domin bayan an nuna wa mutum hanya komai sauƙi yake zame masa. Alƙalai ma suna gargaɗin kansu da haka.

Saboda haka in za ka faɗa wa yaran shagonka, kada ka tsaya ga “a bayyane”. Ka ce “dabarar da ɗan sana'a zai kai gare ta da kansa”.